Tambayi Bakanike: Mota da Sanyin Ƙanƙara

Masu karatu, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan karon kusan dukansu a kan abu ɗaya suke, wato mota da sanyi, irin sanyin da ruwa ke sandarewa a kan kwalta, dusar ƙanƙara ta rufe mota har madubi. Wasu daga cikin masu tambayar wannan ne hunturunsu na farko da mota a irin waɗannan ƙasashe, kuma daga wasiƙun na lura yawancinsu sai da abin ya same su suka ɗauki alƙalami. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tun da an riga an kama hanya, bari mu ga abin da zai yiwu. Duk inda na ce digiri, na Salshiyos nake nufi.

Tambaya: Baba Bakanike, barka da ƙoƙari. Motata ƙirar 2014 ce, na saye ta na hannu a watan Mayu, ba ta taɓa ba ni matsala ba. Shekaranjiya da safe sanyi ya kai digiri 9 ƙasa da sifili, na murɗa makulli sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun dashbod suka dushe. Maƙwabcina ya jona mini da tasa ta tashi, da yamma kuma ta tashi da kanta. Tun da batirin ya farfaɗo, in ƙyale shi? (Wani ɗalibi)

Amsa: Ɗana, kada ka ƙyale shi. Bai farfaɗo ba, rana ce ta ɗan ɗumama shi, kuma nan da kwana kaɗan zai maimaita maka da asuba. Mutane suna ɗora wa sanyi laifin kashe batir, alhali zafi ne ke cin sa a hankali, yana ƙafar da ruwan ciki, yana cinye farantan dalma. Batirin sai ya yi ta lallaɓawa da ɗan ƙarfin da ya rage masa, domin injin mai ɗumi ba ya wahalar juyawa. Ranar da sanyi ya sauka ne asiri ke tonuwa. Wutar batir daga haɗuwar dalma da ruwan asid take samuwa, sanyi kuma yana rage saurin wannan haɗuwa, har ta kai lafiyayyen batir ma kusan rabin ƙarfinsa kawai yake iya bayarwa a digiri 18 ƙasa da sifili. A daidai lokacin kuma baƙin mai ya yi kauri, kik yana neman wuta fiye da kullum.

Ka nemi mita ka auna shi da safe kafin ka ta da motar. Volt 12.6 cikakken caji ne, 12.4 ya ragu da kusan kwata, 12.2 rabi ke nan, ƙasa da 12 kuwa batirin ya kwanta. Sai dai mita ba ta faɗin duka gaskiya. Tsohon batir kan nuna 12.5 yana zaune, da an ɗora masa kik ya durƙushe. Don haka ka je inda ake gwadawa da na'urar da ke ɗora masa nauyi, ka sa a duba altaneta a wuce wurin: injin na aiki, yawancin motoci tsakanin 13.7 da 14.7 suke nunawa. Ni dai batirin da ya haura shekara huɗu ba na barin sa ya shiga hunturu sai ya ci wannan jarrabawa.

In sabo za ka saya, ka duba lambar CCA a jikinsa. Ita ce yawan amfiyar da batirin zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya faɗi ƙasa da volt 7.2 ba. Kada ta gaza abin da littafin motar ya ce. Idan motarka irin mai kashe kanta ce a danja ta sake tashi, batirinta na musamman ne, nau'in da ake kira AGM ko EFB, irinsa za ka mayar mata.

Ka buɗe bonet ka kalli kan batirin. Wannan farin garin mai ɗan kore-kore da ke taruwa a wurin yana tare wuta, kuma sau da yawa shi kaɗai ne ciwon. Cire baƙar waya tukuna, sannan ja, goge da buroshin ƙarfe har dalma ta yi haske, mayar da ja kafin baƙa, ɗaure tam yadda hannu ba zai iya murɗa su ba, shafa ɗan giris. Sannan ka san cewa tafiyar minti goma da hita da fitilu da abin ɗumama gilashin baya duk a kunne ba ta mayar wa batir abin da kik ya ci. In haka zirga-zirgarka take, ka riƙa ba motar tafiyar rabin sa'a ko fiye kowane mako, ko ka sayi ƙaramar caja.

Wajen jonawa kuma akwai tsari: jar waya a kan alamar tarawa ta mataccen batir, ɗaya bakin a ta mai rai, baƙa a alamar ɗebewa ta mai rai, bakinta na ƙarshe a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batirin. Idan ka ga cikin batir ya kumbura, kada ka jona. Wanda cajinsa ya ƙare ruwansa kan daskare tun sanyi bai kai digiri 10 ƙasa da sifili ba, daskararren batir kuwa yana iya fashewa a fuskar mutum.

Tambaya: Oga, tun da na fara tuƙi ruwan famfo nake zubawa a lagireto, ban taɓa ganin illarsa ba. Yanzu aiki ya kawo ni inda ake ƙanƙara. Abokin aikina ya ce in juye ruwan, in cika da ruwan nan mai launi zallansa, kada in sirka, wai ya fi ƙarfi. Haka ne? Na biyu, hitar motar iska mai sanyi take hurowa ko na yi tafiyar rabin sa'a. (Wani ma'aikaci)

Amsa: Malam, juye ruwan famfon yau ɗin nan, kada ka jira ƙarshen mako. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ba ya neman izinin ƙarfe. Ya fasa lagireto, ya tsage tiyo, in an yi rashin sa'a ya tsaga gangar jikin injin, wanda gyaransa sai dai canji. Akwai ma wani abin da ke ruɗa mutane: ruwan ya daskare a lagireto kawai, ya toshe hanya, sai ka ga allurar zafi ta haye ja alhali kana tsakiyar ƙanƙara.

Inda abokinka ya kauce shi ne maganar zalla. Sinadarin da ke cikin yawancin ruwan lagireto, etilin gilaikol, shi kaɗansa yana daskarewa a wajen digiri 13 ƙasa da sifili. Sai an gauraya shi da ruwa ƙarfinsa ke fitowa. Rabi da rabi yana jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, sinadari kashi 60 da ruwa kashi 40 kuwa ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili. Da an haura kashi 70 kuma sai abin ya fara komawa baya, ga shi zallan ba ya kwashe zafin injin kamar yadda ruwa ke yi. Saboda haka karanta jikin galan ɗin. Wani an riga an sirka shi daga kamfani, zubawa kawai za ka yi. Wani kuma kai za ka sirka, da tataccen ruwa irin na batir, domin na famfo yana barin dattin gishiri a cikin bututu.

Kada launi ya yaudare ka. Kore, ja, ruwan hoda, shuɗi, duk rini ne, kuma kamfanoni ba su haɗu a kan ma'anarsa ba. Lambar da littafin motarka ya ambata ita za ka nema, don wasu nau'o'in in aka cakuɗa su suna lalata juna. Bayan an juye an cika, ka sa a gwada da ɗan abin zuƙon nan mai ƙwallaye ko allura, saboda tsohon ruwa kan maƙale a cikin injin ya tsinka sabon. A yi aikin injin na sanyi. Murfin lagireto mai zafi ya ƙona hannaye da fuskoki da yawa. Wanda aka juye kuma a rufe shi a galan a kai inda ake karɓa. Yana da zaƙi a baki, guba ne, yara da kyanwa da kare ba su san haka ba.

Hita kuwa, da zafin injin take aiki: ruwan lagireto ne ke bi ta cikin wani ƙaramin lagireto a bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa. Bayan tafiya ka kalli allurar zafi. Idan ba ta kai tsakiya ba, ko tana sauka in ka hau babbar hanya, tamostat nake zargi. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin injin har ya kai wajen digiri 90. Ko ya maƙale a buɗe, ko kuma babu shi gaba ɗaya, domin akwai masu gyaran da in mota na zafi sai su cire shi su jefar, su ce sun yi magani. Idan allura na tsakiya, taɓa tiyo biyun da suka shiga bangon da ke tsakanin injin da cikin mota, a hankali. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe, kuma da shekarun da ka yi kana ba shi ruwan famfo ba zan yi mamaki ba. Duka biyun da zafi, to ƙofar da ke karkata iska ce a cikin dashbod ba ta motsi.

Tambaya: Malam, ni da maigida kullum da safe musu muke yi. Shi sai ya fita ya ta da mota ya bar ta a silo minti ashirin, wai sai injin ya yi zafi kafin a taka. Ni kuma na ce ɓarnar mai ce. Mun yarda kai za ka raba gardama. (Wata uwargida)

Amsa: Hajiya, kin sa ni a tsaka mai wuya, amma ke ce da gaskiya. Sai dai a gaya wa maigida a hankali, don ba da ka ya yi maganarsa ba. A zamanin kafireto fetur ba ya gaurayuwa da iska sosai in injin na sanyi, dole a ja cok a jira, in ba haka ba motar ta yi ta shaƙewa tana mutuwa a mahaɗa. Tun wajejen 1990 injekta ta maye gurbin kafireto a sabbin motoci, kwamfuta ce ke auna zafin injin tana daidaita mai da kanta.

Abin da injin yake so shi ne baƙin mai ya zagaya, daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya ya isa. Daga nan a ja a hankali, ba a zuba wuta ba, na minti biyar zuwa goma. Injin da ke jan mota ya fi saurin ɗumi nesa ba kusa ba. A silo kuwa yana daɗewa a sanyi, kwamfuta na ƙara masa fetur, wani fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Akwatin giya ma ba ya samun wani ɗumin kirki a tsaye. A Jamus doka ce ma ta hana barin injin yana aiki ba dalili, ga kuma ɓarayi da suka san da wannan ɗabi'a ta barin mota a kunne babu kowa ciki. Uzuri ɗaya na yarda da shi: ba a tafiya sai gilashi ya washe. A cikin rufaffen gareji kuwa ko minti biyu kada a yi.

Idan maigida yana son yi wa injin gata, ya duba irin baƙin man da ke ciki. A lamba irin 5W-30, ta gaban W tana nuna yadda man ke gudana a sanyi. Ana gwada 0W a digiri 35 ƙasa da sifili, 5W a 30, 10W a 25, 15W a 20, 20W a 15. Mai kauri irin 20W-50 da safiyar ƙanƙara kamar zuma yake, ka karkata kwalba ka tsaya jira, alhali ƙarafan saman injin suna ta gugar juna a bushe. Ya bi abin da littafin motar ya tsara. Inda sanyi ke wuce digiri 15 ƙasa da sifili, kamar yawancin Kanada, za ki ga filogi na reto a hancin motoci. Hita ce da ke cikin injin, ana jona ta da wutar gida awa biyu zuwa huɗu kafin fita. Wannan ce ɗumamawar da ke da amfani.

Tambaya: Malam Bakanike, motata babba ce mai jan ƙafa huɗu, tayoyinta ko shekara ba su yi ba. Mai sayar da taya ya dame ni sai na sayi na hunturu guda huɗu. Ina ganin neman kasuwa ne kawai. In ma dole ne, ba zan iya sa biyu a gaba ba? (Wani dattijo)

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, mai taya kasuwa yake nema, babu shakka, amma a wannan karon kasuwarsa da lafiyarka sun zo ɗaya. Jan ƙafa huɗu tashi yake taimaka wa mota, ba ya ƙara mata komai wajen tsayawa. Kowace mota, ƙarama da babba, da ƙafa huɗu take taka birki, taka kuma ta fi nauyi. Illar ma ita ce tana tashi sumul a kan santsi, sai direba ya ɗauka hanya lafiya lau take, ba zai gane ba sai ya zo kwana.

Bambancin daga robar yake farawa. Ta tayar bazara takan fara tauri idan sanyi ya sauko ƙasa da wajen digiri 7, ko da kwalta a bushe take. Ta hunturu an haɗa ta yadda za ta zauna da laushi. Ka duƙa ka kalli fuskarta, za ka ga tsage-tsage sirara birjik a kan kowane tudu na zanen. Su ne ke buɗewa su ciji ƙanƙara, manyan ramukan kuma su cika da dusar, domin dusar ƙanƙara ta fi kama 'yar'uwarta fiye da yadda roba ke kama ta. Ba sabon abu ba ne: a Finlan kamfanin da yanzu ake kira Nokian ya fito da ta manyan motoci tun 1934.

Biyu a gaba kuwa, a'a. Gaba zai kama ƙasa, baya ya sulale, sai ka ga bayan motar yana neman wuce gabanta a kwana. Wannan ya fi wuyar gyarawa da sitiyari fiye da kowane irin santsi. Huɗu ko babu.

Alamar da za ka nema a gefen taya ita ce dutse mai kawuna uku da furen ƙanƙara a ciki. Wadda ke da wannan an gwada ta a kan dusar ƙanƙara. Rubutun M+S shi kaɗai bai kai nan ba, shi ya sa tun Oktoban 2024 Jamus ta daina lissafa shi a matsayin tayar hunturu. Ka binciki dokar inda kake, don ta bambanta. Jamus ba ta sa rana ba, yanayin hanya take dubawa. Lardin Kebek na Kanada ya wajabta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ostiriya daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu idan akwai ƙanƙara a hanya, kuma zurfin zanen kada ya gaza milimita 4. Wannan milimita 4 ɗin ita nake ba kowa shawara, ko da dokar ƙasarsa ta tsaya a 1.6. Masu ƙusoshi a jiki ana amfani da su a Suwidin da Finlan da Norwe, a Jamus kuma an hana. Idan hunturun wurinku mai sauƙi ne, tayar duk-shekara mai ɗauke da alamar dutsen za ta wadatar. In ta hannu za ka saya, duba lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT: 3521 na nufin mako na 35 na 2021. Tsohuwar roba ta riga ta bushe komai kyan zanenta. Game da kuɗi kuma, ka tuna duk watannin da na hunturu ke aiki, na bazara suna hutawa ne a ɗaki.

Iska ma tana raguwa da sanyi, kusan PSI 2 (ma'aunin iskar taya ke nan) a duk saukar digiri 10. Tayar da aka ba 33 a digiri 20 za ta nuna wajen 28 a digiri 10 ƙasa da sifili, ba tare da ta huje ba. Auna da safe kafin tafiya, bi lambar da ke jikin ƙofar direba, kada ka manta safaya. Da duk wannan, littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ce tazarar tsayawa a kan ƙanƙara tana iya ninka ta busasshiyar hanya sau goma. Gada takan riga sauran titi daskarewa saboda iska na bi ta ƙarƙashinta. In ka taka birki ka ji yana kakkarwa a ƙafarka, ABS ne, na'urar da ke hana tayoyi kullewa, ke aikinsa, danne kawai kada ka saki.

Tambaya: Oga, ni direban motar kaya ne mai shan dizal. Na cika tanki a wuri mai ɗumi, na hau yankin duwatsu na kwana. Da safe ta tashi, na yi kamar kilomita biyu ta fara jijjiga ta mutu. Wani tsohon direba ya ce in riƙa zuba ɗan fetur a ciki. (Wani direba)

Amsa: Ɗan'uwa, manka ne ya yi kaki. Dizal yana ɗauke da kaki a narke, in sanyi ya yi sai ya fara fitowa, man ya yi gajimare, filta ta toshe. Kilomita biyun nan da ɗan man da ya riga ya wuce filta ka yi su. Gidajen mai a ƙasashen sanyi suna canza man da lokaci. A Jamus na bazara iyakarsa sifili, na tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu kuma dole ya jure digiri 20 ƙasa da sifili. Don haka ka riƙa shan mai a inda sanyin yake. Maganin hana kaki da ake sayarwa a kwalba kafin man ya kama ake zuba shi. In ya riga ya kama, sai dai a kai motar wuri mai ɗumi ta narke, a canza filta. Kada ka kusanto tanki da wuta. Kafin hunturu a zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filta, shi ma yana daskarewa.

Shawarar tsohon direba ta tsofaffin injina ce. Famfon injin zamani yana matsa mai har wajen bar 2,000 a ma'aunin matsi, kuma da santsin dizal ɗin yake samun sauƙin motsi. Fetur yana kashe wannan santsi, famfo da nozul su tafi tare. Da safe kuma ka jira fitilar nan mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta mutu kafin ka murɗa. In motar na shan AdBlue, ruwan nan da ke rage gubar hayaƙin dizal, yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, amma tankinsa na da hita, ba abin damuwa ba ne.

Tambaya: Kawu, kullum da safe gilashin gaba a daskare yake, ni kuma ina saurin kai yara makaranta, sai in sheƙa masa ruwan zafi. Da mun shiga kuma sai ya yi hazo ta ciki. (Wata mahaifiya)

Amsa: 'Yata, Allah ne ya tsare miki gilashin zuwa yanzu. Ranar da ruwan zafi ya tarar da ɗan tabon tsakuwa, tsagar za ta tafi daga wannan gefe zuwa wancan kina kallo. Ki sayi abin kankara na roba da feshin narkar da ƙanƙara, ko ki rufe gilashin da mayafinsa tun dare. A kankare duka, har gefe da baya da fitilu, a share rufin motar, don dusar da ke sama takan zubo gaba da an taka birki. Ki kashe waifa kafin ki kashe mota, ki kuma ɗaga ta da hannu da safe. In robar ta manne aka kunna, ko ta yage ko ƙaramin injin da ke juya waifar ya ƙone. Ruwan wankin gilashi a sa na hunturu, mai rubutun digiri 20 ƙasa da sifili ko fiye, a fesa har sai sabon ya iso baki. Ruwan lagireto ba ya shiga nan.

Hazon ciki numfashinku ne da danshin takalma. Kunna AC tare da hita, ki karkata iskar ga gilashi, domin AC busar da iska take yi. Maɓallin da ke juya iskar cikin mota ki kashe shi, ta waje ta shigo. Ki fitar da jiƙaƙƙun tabarmin ƙafa su bushe, ki goge gilashin ta ciki, mai datti ya fi kama hazo.

Tambaya: Malam, motata mai lantarki ce. Tun da sanyi ya shigo tafiyar da take yi da caji ɗaya ta ragu sosai. Batirin ne ya lalace? (Wani mai karatu)

Amsa: Bai lalace ba, malam, da bazara zai dawo. Motar fetur da zafin da injin ke zubarwa take ɗumama mutane, taka kuwa daga batir take biyan kuɗin hita. A gwajin da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi a 2019, a wajen digiri 7 ƙasa da sifili nisan tafiya ya ragu da kashi 12 cikin 100 babu hita, da hita kuma kashi 41. Ka ɗumama motar tana jone da caja kafin ka fita, ka fi dogara da hitar kujera da ta sitiyari. Batir mai sanyi ba ya karɓar caji da sauri, gara ka yi cajin da ka dawo yana da ɗumi. Akwai kuma ƙaramin batir mai volt 12 a cikinta, duk abin da na gaya wa ɗalibin can ya shafe shi.

Tambaya: Baba, za mu yi doguwar tafiya da iyali a tsakiyar hunturu. Me zan ajiye a but? (Wani magidanci)

Amsa: Ɗana, ka yi lissafi kamar za ku kwana a hanya. Bargo ga kowa, safar hannu da hula, ƙaramin shebur, abin kankara, tocila, wayar jona batir, igiyar ja, cajar waya, rigar nan mai ƙyalli, ruwan sha da abin taɓawa, maganin duk mai shan magani, da ɗan buhun yashi na zubawa a ƙarƙashin tayar da ke juyawa a wuri ɗaya. Barguna a cikin mota za su zauna, don but kan daskare ya ƙi buɗuwa. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. In hanya ta rufe, man nan shi ne ɗuminku.

Idan kun maƙale, ku zauna a cikin motar, ta fi mutum sauƙin gani ga masu ceto. Kafin ka ta da injin, fita ka haƙe bakin salansa. In dusar ƙanƙara ta toshe shi hayaƙin ƙarƙashin mota yake komawa ya shigo ciki, iskar kabon monoksaid da ke cikinsa kuwa ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai, jiri, barci, shi ke nan, kuma yara take fara kayarwa. Kunna injin kamar minti goma a kowace awa, da taga a ɗan buɗe, ka sake duba salansar kowane karo. Ko a ƙofar gida ne, kada ka zaunar da yara a mota a kunne kana share dusar da ta binne ta. Bayan motar ake fara sharewa.

Tambaya: Oga, ƙofofina suna mannewa da safe, jiya kuma hambirki ya ƙi sauka. (Wani matashi)

Amsa: Ƙanena, duk aikin danshi ne. Goge robar bakin ƙofa ta bushe, shafa mata man silikon ko gilisarin. In ta manne, danna ƙofar ciki da tafin hannu ƙanƙarar ta karye, kada ka fizga, robar ce za ta yage ko mariƙin ya karye. Feshin narkar da ƙanƙarar ramin makulli a aljihu ake ajiye shi, cikin motar ba shi da amfani. Hambirki kuwa ruwa ne ya shiga rigar wayarsa ya daskare, ka sa a duba ta, wataƙila ta tsage. Kafin nan, a daren tsananin sanyi in wurin a miƙe yake, bar motar a giya ɗaya ko a P ba tare da jan hambirki ba. A gangare kuma ja hambirkinka, ka karkata tayoyi zuwa gefen titi. Tun da ka zo, ka riƙa wanke ƙarƙashin motar duk bayan mako biyu ko uku a ranar da sanyi ya sassauta. Gishirin da ake watsawa a titi yana cin ƙarfe, kuma bututun man birki suna cikin abin da yake fara ci.